Wai sai mun samu ne kawai za mu ce Allah mun gode?

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda mu Kiristoci muke yin godiya a 'yan shekarun nan, na san ba kowa ne zai ji daɗin maganar ba amma dai ya kamata a yi ta. Ka shiga coci lokacin ba da shaida, ko ka buɗe Facebook da WhatsApp ranar Lahadi da yamma, ka duba abubuwan da mutane suke gode wa Allah a kai. Wannan ya sayi mota, wancan ya tare a sabon gida, wata an yi mata ƙarin girma a wajen aiki, wani biza ta fito, wata ta haihu bayan dogon jira, sai a ɗora hoto a rubuta Allah ya yi, jama'a su yi ta zuba amin da barka a ƙasa. Ina so a fahimce ni tun daga farko, ba ni da matsala da ko ɗaya a cikin waɗannan, Yakubu ma ya rubuta cewa kowace kyauta mai kyau daga sama take, kuma duk wanda Allah ya yi wa alheri ya kama bakinsa ya yi shiru ai butulci ya yi. Damuwata ita ce godiyar tamu a nan ta tsaya, mun mayar da ita kamar rasit, sai kaya sun shiga hannu kafin a rubuta.

To ku ɗan waiwaya ku dubi wanda yake zaune can baya a wannan sujadar. Matar da ta shekara da shekaru tana roƙon haihuwa har yau shiru, magidancin da aka sallama daga aiki yana jin kunyar komawa gida, matashin da ya gama makaranta da digiri yana ta yawo da takardu, uwar da ta binne ɗanta bayan an yi azumi an yi addu'ar dare an shafa mai an yi komai. Su ma suna tafi fa, su ma suna cewa halleluya, amma me kuke tsammani yake shiga zuciyarsu mako bayan mako? Abin da suke ji shi ne Allah yana da kirki ga waɗancan, ni kuwa ko dai akwai zunubin da na yi ko bangaskiyata ce ba ta kai ba. Babu wanda ya hau kan bagade ya faɗa musu haka da baki, tsarin shaidar tamu ne yake koya musu, kuma da yawa a hankali suke janye jiki har a daina ganinsu, mu kuma mu ce sun ja da baya.

Wannan tambayar tsohuwa ce, tana nan a babi na farko na littafin Ayuba, kuma Shaiɗan ne ya yi ta. Ya ce wa Allah, wai a banza Ayuba yake tsoronka? Ai ka kewaye shi da shinge, ka sa wa aikin hannunsa albarka, dabbobinsa sun cika ƙasa, ka taɓa abin da yake da shi ka gani in bai zage ka a fuskarka ba. Ku lura da zargin, cewa yake babu mai ƙaunar Allah saboda Allah, kowa abin hannunsa yake bi. Tumaki 7,000, raƙuma 3,000, 'ya'ya goma, duk suka tafi a rana ɗaya, Ayuba ya yage rigarsa ya aske kansa ya faɗi ƙasa, ya ce Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunan Ubangiji. Ni abin da yake ba ni tsoro shi ne irin godiyar da muke koya wa junanmu yau tana gaskata zargin Shaiɗan ne, domin in duk dalilin godiyata abin da na samu ne, to ranar da aka ɗauke abin me ya rage?

Abokan Ayuba ma, Elifaz da Bildad da Zofar, koyarwarsu ai ita ce wadda muke ji yau da sabon kaya, mai adalci yana samu, wanda ya rasa kuwa to ya binciki kansa. Sun yi babi bayan babi suna kare Allah da wannan lissafi, amma a babi na 42 Allah da kansa ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, Ayuban nan da ya la'anci ranar haihuwarsa ya yi ta gardama da kuka. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara.

Akwai wani wuri kuma da ba a cika yin wa'azi a kansa yadda yake ba, Ayyukan Manzanni babi na 12. Kowa ya san labarin Bitrus, sarki Hirudus ya kama shi, an ɗaure shi da sarƙa biyu tsakanin sojoji biyu, ikilisiya tana ta addu'a, mala'ika ya zo ya tashe shi, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, har yarinyar nan Roda don murna ta manta ba ta buɗe masa ƙofa ba ta ruga ciki da labari. Shaida ce mai daɗi ƙwarai. Amma ku koma aya ta biyu a wannan babin, Hirudus ɗin nan ya riga ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Manzo ne shi ma, yana cikin ukun da Yesu ya hau dutse da su. Ikilisiyar da ta yi murnar fitowar Bitrus ita ce ta yi makokin Yakubu, kuma babu inda aka rubuta cewa Bitrus ya fi shi bangaskiya ko Allah ya fi ƙaunar wani a cikinsu. Haka ma Ibraniyawa 11, muna son farkon jerin, waɗanda suka ci mulkoki suka rufe bakin zakoki suka kashe ƙarfin wuta, sai mu tsallake daga aya ta 35 zuwa ƙasa inda aka ce waɗansu kuma an azabtar da su, an jajjefe su da duwatsu, an tsaga su da zarto, sun yi yawo sanye da fatun tumaki da awaki cikin rashi da tsanani. Dukansu aka yaba wa bangaskiyarsu, rukuni biyun nan. In da yau ne, rukuni na biyu ba za a miƙa musu makirufo ba.

Ko a bar maganar masu wahala ma, shi kansa wanda ya samu ɗin, murnar kwana nawa take yi? Ɗan Adam akwai saurin sabo. Abin da ka yi azumi a kansa bara, bana ko lura da shi ba ka yi, ido ya riga ya koma kan na gaba. A shekarar 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Philip Brickman da abokan aikinsa, sun yi hira da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar jihar Illinois, suka kwatanta su da wasu da suke zaune a unguwanninsu, sai suka tarar masu kuɗin ba su fi sauran farin ciki wani abin a zo a gani ba, har ma ƙananan abubuwan yau da kullum ba sa yi musu daɗi kamar yadda suke yi wa sauran. Musa kuwa ya riga ya gargaɗi Isra'ila tun kafin su haye Urdun, a Maimaitawar Shari'a babi na 8, ya ce ku yi hankali in kun ƙoshi kun gina gidaje masu kyau, garkunanku sun yi yawa, azurfa da zinariya sun ƙaru, kada zuciyarku ta kumbura ku manta da Ubangiji, ku ce ƙarfina da ikon hannuna ne suka samo mini wannan. Wato samu ɗin ma da kansa yana iya kashe godiya, kuma shi ya fi rashi haɗari a wannan fannin domin mai rashi aƙalla ya san yana bukatar Allah.

Sannan ga gasa. Wannan kam wayar hannu ta ƙara hura wutarta, da can mutum da maƙwabcinsa kawai yake gwada kansa, yanzu kafin ka sauko daga gado ka riga ka ga nasarorin mutum ɗari, kowa ya zaɓo hotonsa mafi kyau ya liƙa masa ayar Littafi Mai Tsarki. Asaf a Zabura 73 bai ɓoye ba, ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya yi kishin masu girman kai da ya ga mugaye suna cin gaba, har ya fara tunanin a banza ya tsarkake zuciyarsa. In mawaƙin haikali ya ji haka, ina ga yaro ɗan shekara ashirin da yake riƙe da waya dare da rana? Wani lokaci kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, shaidar da ake bayarwa fariya ce aka sa mata rigar godiya. Yesu ya ba da misalinta a Luka 18, Bafarisiyen nan da ya tsaya a haikali ya fara addu'arsa da ya Allah na gode maka, to na me? Na cewa shi ba kamar sauran mutane yake ba, ba kamar wannan mai karɓar haraji ba. Da godiya ya buɗe baki amma ba shi ne ya koma gida baratacce ba. Duk godiyar da ta sa ɗan'uwanka ya fita yana jin shi Allah ya yar da shi, ka sake duba ta.

To a kan me godiyar Kirista ta tsaya ke nan? Ni inda na fi komawa shi ne ƙarshen littafin Habakuk. Annabin nan ya rayu ne dab da lokacin da Babila za ta afka wa Yahuza, ya fara littafinsa da ƙorafi, har yaushe zan yi ta kuka ba ka ji, me ya sa kake barin zalunci, shari'a ta mutu. Amsar da ya samu ma ba mai daɗi ba ce, an ce masa Kaldiyawa, wato mutanen Babila, suna zuwa. Babu alkawarin cewa za a fasa. Amma da haka ya rufe littafin yana cewa ko da itacen ɓaure bai yi toho ba, kurangar inabi ba 'ya'ya, zaitun ya gaza, gonaki ba su ba da komai ba, garke ya ƙare, shanu babu a turke, duk da haka zan yi farin ciki da Ubangiji, zan yi murna da Allah Mai Cetona. Ga manomi da makiyayi na wancan zamani wannan jerin yana nufin an rasa komai da komai ke nan, ba abin da ya rage da za a nuna a ce ga albarka. Kuma abin ya faru, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka rushe Urushalima suka ƙone haikali suka kwashi mutane bauta. A tsakiyar littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan wannan kangon, a nan ne ayar da muke rerawa take, cewa jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya, amincinsa mai girma ne. Mu muna rera ta cikin kwalliya da kiɗa, wanda ya rubuta ta kuwa yana kallon yara suna suma a titunan birni don yunwa.

Bulus ma haka. Wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa babi huɗu ce kacal amma maganar farin ciki ta fito a ciki fiye da sau goma, kuma yana ɗaure ya rubuta ta, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. Ayar nan da muke mannawa a bayan mota da jikin riga, zan iya yin komai ta wurin Almasihu da yake ƙarfafa ni, don Allah ku karanta ayoyi biyun da suke gabanta. Cewa ya yi na koyi zama da wadar zuci a kowane hali, na san ƙasƙanci na san yalwa, na san ƙoshi na san yunwa, na san samu na san rashi. Komai ɗin da yake nufi ke nan, har da iya zama da babu ba tare da zuciya ta ruɓe ba. Kuma ya ce koya ya yi, ba a haife shi da ita ba. Mutumin da aka yi wa bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, aka doke shi da sanduna sau uku, aka jajjefe shi sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi sau uku, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa aka ce masa alherina ya ishe ka. Addu'ar Bulus fa, manzo guda, amsar ita ce a'a. Shi ne kuma ya rubuta wa Tasalonikawa cewa ku yi godiya a cikin kowane hali.

Dalilinsa kuwa bai ɓoye shi ba. Allah ya nuna ƙaunarsa gare mu da yake tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, kuma ba mutuwa ba rai, ba abin yanzu ba na nan gaba, ba tsawo ba zurfi, da zai iya raba mu da wannan ƙaunar. Abin da aka riga aka yi a kan gicciye da kabarin da aka tarar babu kowa, faɗuwar kasuwa ba ta warware shi, sakamakon asibiti ba ya soke shi, korar aiki ba ta taɓa shi. Shi ya sa Yesu ya iya ce wa almajiransa a daren da za a kama shi, yanzu kuna baƙin ciki amma zan sake ganinku, zuciyarku za ta yi murna, murnar nan kuwa ba mai ƙwace muku ita. A wannan daren ne ma, daren da aka bashe shi, ya ɗauki gurasa ya yi godiya kafin ya gutsuttsura, yana sane da wanda zai ci amanarsa yana sane da abin da yake jiransa da safe. Duk lokacin da muka zo Jibin Ubangiji wannan godiyar muke maimaitawa, wadda aka yi ana saura 'yan sa'o'i a gicciye mai yin ta.

Yanzu na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce wannan ai hanya ce ta rufe wa talaka baki, a zalunce shi a ce masa ya gode wa Allah, a cinye masa haƙƙi a ce ya yi haƙuri ladansa yana sama. Gaskiya ne an yi amfani da addini an yi haka, an yi wa bayi, an yi wa ma'aikata, an yi wa matan da ake duka a gidajen aurensu, kuma abin kunya ne ga duk wanda ya yi shi da sunan Almasihu. Amma ku duba Ayyukan Manzanni 16 gaba ɗayansa. A Filibi aka tuɓe Bulus da Sila aka doke su da sanduna a bainar jama'a, aka jefa su can cikin kurkuku aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna addu'a suna rera waƙoƙin yabo sauran fursunoni suna saurare. Wannan ɓangaren kowa ya sani. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a asirce, sai Bulus ya ce ina, sun doke mu a fili ba tare da shari'a ba alhali mu 'yan ƙasar Roma ne, yanzu kuma za su fitar da mu a ɓoye? Su zo da kansu su fitar da mu. Kuma dole suka zo suka ba su haƙuri. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi haƙƙinsa da safe, bai ga wani karo a tsakaninsu ba. Ni ma ban gani ba. Kirista yana iya gode wa Allah da zuciya ɗaya ya kuma tsaya ya ce wa azzalumi abin da ka yi ba daidai ba ne, ya kai ƙara, ya yi zaɓe, ya nemi albashinsa. Hasali ma wanda murnarsa ba a hannun mai mulki take ba shi ya fi wuyar saye ko tsoratarwa.

Haka kuma godiya ba ta hana kuka, wannan ina so iyayenmu a cikin ikilisiya da fastocinmu su ji da kyau. Kada mutum ya rasa matarsa yau ka je kana ce masa daina kuka ka gode wa Allah, kamar hawaye rashin bangaskiya ne. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi a wannan ranar. A cikin Zabura 150 da muke da su, kaso mai yawa kuka ne da ƙorafi, Zabura 13 ta fara da har yaushe za ka manta da ni, Zabura 88 kuwa daga farko har ƙarshe babu inda haske ya keto, da maganar duhu ta rufe, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Umarnin da aka ba mu a Romawa 12 shi ne ku yi murna da masu murna ku yi kuka da masu kuka, mu kuwa mun ƙware a na farkon, na biyun sai mu yi sauri mu toshe shi da aya. Bulus ya kwatanta kansa da cewa muna baƙin ciki amma kullum muna farin ciki, duka biyun a zuciya ɗaya a lokaci ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabarin mai bi yana hawaye yana rera waƙar tashin matattu ya san wannan ba ƙarya ba ne.

Tarihin ikilisiya cike yake da irin waɗannan mutane. Martin Rinkart fasto ne a garin Eilenburg na ƙasar Jamus a lokacin Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648. Garin yana da ganuwa don haka 'yan gudun hijira suka yi ta kwarara ciki, ga yunwa ga sojoji, sai annoba ta ɓarke a 1637. Ya binne dubban mutane a wannan shekarar, har da matarsa. Wannan mutumin ne ya bar wa ikilisiya ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙin godiya da ake rerawa har yau a harsuna da dama. Ba na jin zai iya tsayawa a layin shaidarmu ta yau, ba shi da abin nunawa, amma godiyarsa ta yi kusan shekara 400 tana ciyar da mutane.

Ba kuma cewa nake a daina lissafa alheran Allah na yau da kullum ba, a'a, a ma ƙara. Dawuda ya ce wa ransa kada ka manta da dukan alheransa, kuma abin da ya fara ambata a Zabura 103 gafarar zunubi ne kafin warkarwa da sauran. Su ma masana sun gano amfanin hakan, a 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun wallafa binciken da suka sa wasu mutane suna rubuta abubuwan da suke godiya a kai duk mako har mako goma, aka tarar sun fi waɗanda suke rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai jin daɗin rayuwa da kyakkyawan fata. Madalla, amma Kirista ba motsa jiki na ƙwaƙwalwa yake yi ba in yana godiya, akwai wanda yake yi wa magana. Ku tuna kutaren nan goma na Luka 17. Bisa ga Shari'a kuturu a bayan zango yake zama shi kaɗai, sai firist ya duba shi ya tabbatar ya tsarkaka kafin ya koma cikin mutane, don haka taran nan da suka wuce ba wai mugaye ba ne, umarnin da aka ba su suke bi, kuma kowannensu yana ɗokin ya ga iyalinsa. Na tabbata sun ba da shaida mai zafi a gida. Amma ɗaya ne kawai, Basamariye ma kuwa, ya juyo ya faɗi a gaban Yesu, shi ne kuma kaɗai aka ce wa tashi ka tafi bangaskiyarka ta cece ka. Taran sun tafi da lafiyar fata wadda wata rana tsufa da mutuwa za su karɓe, shi kuwa ya san wanda ya warkar da shi fuska da fuska.

Saboda haka roƙona ga shugabanninmu na ikilisiya, iyayena fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata da ta matasa, a buɗe lokacin shaida ga wanda har yanzu ba a amsa masa ba. A bar gwauruwa ta tashi ta ce shekara guda ke nan da rasuwar maigidana, ban warke ba tukuna amma Ubangiji bai bar ni ba, a tafa mata kamar yadda ake tafa wa mai sabuwar mota. A bar mai ciwon da likita ya ce ba magani ya faɗi yadda Allah yake riƙe da shi. A bar wanda ya ƙi karɓar cin hanci ya rasa kujerarsa ya ba da shaida, yaranmu suna bukatar su ji cewa bin Yesu wani lokaci asara yake jawowa kuma masu binsa ba sa nadama. A daina auna godiyar mutum da kaurin ambulan da ya kawo, ko a riƙa kiran adadi daga sama zuwa ƙasa har mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunyar fitowa, Yesu ai gwauruwar nan mai 'yan tagulla biyu ya yaba. Kuma a daina koya wa mutane cewa godiya wata dabara ce ta sa Allah ya ƙaro, yaba kyauta tukuici tsakanin mutane ne, Allah ba a yi masa wayo.

Mu kuma da aka yi wa alheri a fili, in godiyar ta gaske ce to a gan ta a hannunmu. Ikilisiyoyin Makidoniya, cikinsu har da ta Filibi ɗin nan, Bulus ya shaida a 2 Korintiyawa 8 cewa suna cikin matsanancin talauci da gwaji mai tsanani amma yawan farin cikinsu ya tumbatsa ya zama kyauta, har roƙonsa suka yi ta yi a bar su su sa hannu a gudummawar da ake tara wa matalautan masu bi na Urushalima, mutanen da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Kafin ka ɗora hoton makullin sabon gidan nan, ka tuna da ɗan'uwan da kuke zama benci ɗaya wanda mai gida ya ba shi notis, ka neme shi. 'Yar'uwar nan kuma da ta daina zuwa sujada tun da aka fara bikin sunan 'ya'yan ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, kar a aika mata da aya ta waya, a je a zauna da ita, in ta yi kuka a bar ta ta yi, in ta yi tambayar da ba ku da amsarta ku ce ba ku sani ba, ku sake komawa mako mai zuwa.